Daren da Admiral Mitscher Ya Ce a Kunna Fitilu

Idan ana lissafin manyan sojan ruwa na Yaƙin Duniya na Biyu, ba kasafai ake fara kawo sunan Marc Mitscher ba, domin mutum ne ɗan siriri, mai ƙarancin magana, wanda muryarsa ma sai an matso kusa ake ji. Amma mu dai a ganinmu, kaɗan ne daga cikinsu suka ɗauki nauyin rayukan mabiyansu kamar yadda ya ɗauka a wani dare na shekarar 1944.

An haife shi a jihar Wisconsin ta Amurka a 1887. Karatu bai zo masa da sauƙi ba: shekara shida ya yi a makarantar sojan ruwa ta Annapolis maimakon huɗu, ya fita a 1910 yana kusa da ƙarshen ajinsu. Zuciyarsa tana ga tashi sama. A 1916 ya zama matuƙi na 33 a rundunar, a zamanin da jirgin sama bai wuce katako da zane ba. A 1919 yana cikin matuƙan da suka yi ƙoƙarin ƙetare Tekun Atlantika, nasu jirgin ya sauka bisa ruwa kusa da tsibiran Azores, wani jirgin ruwa ya tsamo su.

Shi ne kwamandan Hornet, jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, wanda daga kansa jirage 16 suka tashi suka kai wa Jafan hari a watan Afrilu na 1942. Sai dai ba za mu ɓoye tabonsa ba. A yaƙin Midway, cikin watan Yuni, yawancin jiragensa sun ɓace hanya ba su ga abokan gaba ba, ayari guda mai jirage 15 da ya gan su kuma aka kakkaɓo shi kaf, mutum ɗaya ya tsira cikin 30. Har yau masana tarihi na shakkar rahoton da ya rubuta game da ranar. An ɗauke shi daga manyan jiragen na wani lokaci, sai a farkon 1944 aka damƙa masa rundunarsu a Tekun Fasifik.

Ranar 20 ga Yuni 1944, a Tekun Filifin, sai da la'asar ta yi aka hango rundunar Jafan, can a iyakar inda man jirage zai kai. Mitscher ya san duk wanda ya tura ba zai dawo ba sai cikin duhu, kuma yawancin matuƙan ba su saba sauka da dare ba. Duk da haka ya tura jirage fiye da 200. Suka nutsar da jirgin Hiyo, suka juyo mai yana ƙarewa, ba wata ba haske.

Ƙa'idar yaƙin teku ita ce a kashe kowace fitila, domin haske ɗaya ya isa jirgin ƙarƙashin teku ya gane inda runduna take. Ga dubban mutane a cikin jiragen ruwa, ga kuma ƴan ɗaruruwa a sama waɗanda shi da kansa ya aika. Yana zaune a kujerarsa cikin jirgin Lexington, sai ya ba da umarni a kunna fitilu. Aka haska manyan fitilu zuwa sama, aka harba harsasai masu haske, aka ce kowa ya sauka a duk jirgin da ya samu. Wajen jirage 80 suka faɗa ruwa ko suka tarwatse wajen sauka, amma an ceto mafi yawan mutanen cikinsu a daren da kwanakin da suka biyo. Babu jirgin ƙarƙashin teku da ya kawo hari. Da ya kawo, da wani labarin muke ba ku.

A watan Mayu na 1945 matuƙan ƙunar baƙin wake na Jafan sun faɗa wa jirginsa Bunker Hill, ya koma Enterprise, bayan kwana uku shi ma aka faɗa masa. Ya rasu ranar 3 ga Fabrairu 1947, yana da shekara 60, yana riƙe da rundunar Tekun Atlantika, aka binne shi a maƙabartar Arlington.