Hanyar Inabi ta Stellenbosch da Hannayen da Suka Nome Ta

A 1971 ne wasu manoma uku na Stellenbosch a Afirka ta Kudu, Frans Malan da Niel Joubert da Spatz Sperling, suka buɗe ƙofofin gonakinsu ga masu motoci. A Faransa suka gano dabarar: a kafa alluna a bakin titi, matafiyi ya riƙa ratsewa gona-gona yana ɗanɗana giyar inabi, in ta yi masa ya saya. Kafin wani lokaci abin ya zama al'adar ƙarshen mako ga mutanen Cape Town, a fito da iyali, a yi ta tafiya sannu-sannu ba inda ake sauri zuwa.

Na bi hanyar a watan Fabrairu, ana tsakiyar girbi. Can a hagu ake tuƙi, hannun da mu a Najeriya muka bari tun 1972, don haka dole na sassauta ƙafa. Na ratsa garin ta ƙarƙashin manyan itatuwan da suka yi wa titi rumfa, na hau mashigar dutsen Helshoogte na nufi Franschhoek, gilas a sauke, tarakta ɗauke da kwandunan inabi tana gabana, ban kuwa yi marmarin wuce ta ba. Ni ba na shan giya. Abin da ya tsayar da ni a gonar farko wata ƙararrawa ce da ke rataye tsakanin fararen ginshiƙai biyu kusa da tsohon gidan maigona. Da ita ake kiran bayi aiki.

Jan van Riebeeck ya sauka a gaɓar da Cape Town take yanzu a 1652 don kafa wa jiragen kamfanin Holan zangon ɗibar ruwa da abinci, kuma ranar 2 ga Fabrairu, 1659 aka matse inabin farko. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, ya yanki gonar Constantia a 1685, sannan a 1688 Faransawa 'yan gudun hijirar addini suka iso, aka ba su kwarin da ake kira Franschhoek yanzu. Giyar Constantia mai zaƙi ta yi suna har Napoleon ya riƙa shan ta a zamansa na tsare a tsibirin St Helena. Wannan shi ne tarihin da ake karanta wa baƙo a ɗakin ɗanɗano.

Amma wa ya yi kaftu, wa ya tsinki inabin? Bayi ne da aka kwaso daga Madagaska da Mozambik da Indiya da tsibiran Indunusiya, da kuma 'yan ƙasa, Khoikhoi, waɗanda aka raba da makiyayarsu. Akwai Musulmi a cikin bayin nan, yawansu kuma ya yi ta ƙaruwa, don wata doka ta 1770 ta hana sayar da bawa Kirista, sai iyayen gida suka daina son a yi wa bayinsu baftisma. Shehu Yusuf na Makassar, wanda Holan ta koro zuwa nan a 1694, a gonar Zandvliet aka ajiye shi har ya rasu a 1699, kuma hubbarensa ba shi da nisa da Stellenbosch. A cikin gonar Klein Constantia ma akwai hubbaren wani shehin, inabi kewaye da shi. Na ziyarci na Shehu Yusuf na yi masa addu'a, zuciyata cike da tunanin mutanen da suka ƙare rayuwarsu suna noman abin da addininsu ya hana su sha.

An soke bauta a 1834, aka saki bayin a 1838. Wasunsu suka zauna a Pniel, ƙauyen mishan na 1843 da titin ke ratsawa bayan an sauko daga Helshoogte, jikokinsu suna nan har yau. Sai dai gonakin sun riƙe wata igiyar, wato tsarin da suke kira dop: a biya lebura wani ɓangare na ladansa da giya, a zuba masa da safe, da rana, da yamma. Doka ta haramta shi a farkon shekarun 1960, amma ya ci gaba a wasu gonaki har cikin shekarun 1990. Shi ya sa yankin ke cikin wuraren da aka fi haifar jarirai masu naƙasar da shan uwa ke jawowa a duniya. A ganina babu wanda ya kamata ya yaba kyan kwarin nan bai san wannan ba.

Masu sha za su ce a nemi Pinotage, irin inabin da Farfesa Abraham Perold ya haɗa a Stellenbosch a 1925. Ni kuwa shawarata ga wanda ya je ita ce ya tambayi ruwan inabin hanepoot wanda ba a bari ya tsima ba. Kalarsa kamar zuma, ƙamshinsa mai ƙarfi, ga zaƙi sosai, don haka a sha shi da sanyi. A lokacin girbi ana samun 'ya'yan ma a rumfunan bakin titi, ya sayi damƙi guda ya ajiye a kujerar gefe kafin ya gangara Pniel.