Wane Ne Narambaɗa?

Jama'a, kullum sai na ga samarin mawaƙanmu na Ƙaura da Zurmi sun ɗora muryarsa kan bit ɗinsu a TikTok, amma ba suna. Wasu ma cewa suke Ɗanƙwairo ne. Haba!

Ibrahim Narambaɗa ɗan Tubali ne, ƙasar Shinkafi. Makaɗin kotso ne na fadar Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, ya rasu farkon shekarun 1960. Shahararrun waƙoƙinsa akwai Bakandamiya da Dokin Iska Ɗan Filinge. Yadda za ka gane shi: yana jan baiti, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa.

In ka ara, rubuta sunansa. Namu ne fa.