Lissafin Dangantaka da Iyakarsa: Darasi daga Ƙasar Gure

Tun daga 1886, lokacin da Francis Galton na Ingila ya auna tsawon iyaye da na ƴaƴansu, masana suke amfani da lissafin dangantaka, wato regiresiyo, don su ga yadda wani abu ke hawa ko sauka tare da wani. A 1963 Mary Jean Bowman da Arnold Anderson suka kwatanta ƙasashe da yawa, suka nuna cewa da wuya ƙasa ta bunƙasa in masu iya karatu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Masu tsara yaƙi da jahilci suka riƙe wannan adadi da hannu biyu. Amma ƙasar Gure ta isa ta nuna mana iyakar wannan hanya ta fuska uku.

Na farko, ma'auni. Gure ita ce hedkwatar Muniyo, wadda ta daɗe ƙarƙashin Barno. A nan Heinrich Barth ya sami Sarki Kosso a 1852. Mangawa sun gaji karatun allo tun kafin zuwan Faransawa. In takardar tambaya ta ƙidaya ƴan lakwal kaɗai, malami mai rubuta ajami zai faɗa sahun jahilai, lissafi kuwa ba ya gyara abin da aka auna a karkace.

Na biyu, maƙwabtaka. A 1889 Galton da kansa ya ƙalubalanci Edward Tylor, ya ce al'ummomin da suka ari al'ada daga tushe ɗaya ba shaidu dabam-dabam ba ne. Haka garuruwan Mangawa: ko an jera guda ɗari, tarihinsu ɗaya ne, mai lissafi kuwa zai ɗauka shaida ɗari ya samu.

Na uku, jama'a daban, mutum daban. A 1950 William Robinson ya duba ƙidayar Amurka ta 1930, ya ga jihohin da baƙi suka fi yawa su ne masu ƙarancin jahilci, alhali in an bi mutum-mutum, baƙin ne suka fi rashin karatu. Dalili shi ne sun sauka inda ilimi ya riga ya yaɗu. Matsakaicin adadin Gure ma yana haɗa manomi Bamange da makiyayi Batube ko Bafillace, waɗanda zamansu da tafiyarsu suka sha bamban.

Ga kuma zamani. Ƙidayar 1977 ta zo bayan farin 1973, ta 1988 bayan na 1984, duka lokacin da ƙaura ta motsa mutane. Saboda haka, kafin a buɗe aji ko a rufe shi bisa hujjar lissafi, wajibi ne mai tsari ya tambaya: wa aka ƙidaya, da wane harshe, a wace shekara?