Harsashi Ɗaya, Lissafi Biyu

Na san wasunku ba su manta da mafaraucin da bindigarsa ta gargajiya ta fashe a hannunsa muna aji uku ba. Washegari malamin kimiyya ya tambaye mu ta yaya za a auna ƙarfin da albarushi yake yi a cikin bindiga. Kowa ya yi shiru. Sai bayan na gama jami'a na tarar da amsar, kuma ashe amsa biyu ce.

A shekarun 1860 wani ɗan Birtaniya, Andrew Noble, ya gyara wata dabara. Ana huda gefen bindigar gwaji, a sa ɗan guntun jan ƙarfe a bayan wani fistin. Da an harba, iskar albarushi ta tura fistin ya murƙushe guntun, sai a auna yadda ya gajarce a duba jadawali. An shekara kusan ɗari ana dogara da wannan. Aibinta shi ne matsin yana zuwa ya wuce kafin ƙiftawar ido, jan ƙarfen bai gama lotsawa ba, don haka yakan nuna ƙasa da gaskiya.

Hanya ta biyu ta samo asali ne daga Faransa. A 1880 'yan uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano cewa dutsen kwatz yana fid da lantarki idan an matse shi. Na'urar da aka ƙera da shi tana nuna hawan matsin da saukarsa gaba ɗaya.

To, ga inda haɗarin yake. Harsashin .308 Winchester, iyakarsa 52,000 ce a ma'aunin jan ƙarfe, amma 62,000 a na lantarki. Tsofaffin littattafai sukan rubuta lambar farko da sunan fam a kan inci, sai mai karatu ya zaci akwai sauran fili, ya ƙara albarushi. Kuma babu wani lissafi tabbatacce da zai juya wannan ya koma wancan.

Ko masu na'urar lantarkin ma ba su daidaita ba. Hukumar CIP ta Turai, wadda aka kafa a 1914, huda kwanson harsashin take yi, ita kuwa SAAMI ta Amurka, ta 1926, ta bayan kwanson take aunawa ba tare da ta huda ba. A ofishinmu ma haka muke fama: sashe biyu su kawo alƙaluma daban a kan abu guda, kowa ya rantse nasa ne daidai.