Yahudawan Tuwat: garin da aka rushe da sunan da ya ƙi ɓacewa

 

Ƴan'uwa, da wuya a sami ɗalibin ilimi a ƙasashenmu da bai san sunan Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ba. Mutumin Tilimsan ne. Ya ratso hamada ta Takadda da ƙasar Abzin, ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafi kan wajiban sarakuna, ya je Gawo ya amsa tambayoyin Askiya Muhammadu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya jingina da maganganunsa a wurare da dama. Wannan duka muna karantar da shi. Abin da ba mu cika faɗi ba shi ne abin da ya faru a Tuwat kafin ya iso wurinmu. Kwanan baya wani ɗalibi ya tambaye ni a zaure, na ga amsar ta fi ƙarfin zama ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Tuwat jerin ƙauyukan dabino ne a tsakiyar hamada, cikin jihar Adrar ta Aljeriya a yau. A wancan zamani babban garinta Tamantit ne, zangon ayarin da ke sauka Tumbutu da Gawo. A garin akwai Yahudawa da suka daɗe da zama, ƴan kasuwa da maƙeran zinariya, suna da ɗakin ibadarsu. Wani ɗan kasuwa daga Jenowa ta Italiya, Antonio Malfante, ya aiko wasiƙa daga Tuwat a 1447, ya ce Yahudawan suna da yawa, suna zaune lafiya, kowane gida na da wani babba a cikin Musulmi da ke kare shi, kuma ciniki da yawa ta hannunsu yake bi.

To, wannan zaman ne al-Magili ya tarar, bai kuwa yi masa daɗi ba. A ganinsa ƴan amana sun wuce iyakar da fiƙihu ya shata musu: sun kusanci masu mulki, ba sa biyan jiziya yadda ya kamata, don haka amanarsu ta warware, kuma ɗakin ibadarsu ba ya halatta a garin Musulmi. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a. Ya ce ɗakin ya daɗe a wurin, alƙalai da malamai sun zo sun wuce ba wanda ya taɓa shi, kuma tayar da maganar zai jawo fitina da zubar da jini.

Ku lura da yadda suka yi, ɗalibai. Aka rubuta wa malaman Tilimsan da Fas da Tunis ana neman fatawa. Muftin Tilimsan, Ahmadu ɗan Zakri, ya hana rushewa. Muhammadu at-Tanasi ya goyi bayan al-Magili, Imam as-Sanusi ma, mai littafin tauhidin da muke haddacewa tun muna yara, ya ƙarfafa shi. Dukkansu ƴan mazhabar Malikiyya ne, littattafai ɗaya suka karanta, amma suka saɓa. Da amsar at-Tanasi ta iso, al-Magili ya tara mutanensa suka rushe ɗakin. Ahmadu Baba na Tumbutu ya kawo labarin a tarihin malamai da ya rubuta, kuma an ruwaito cewa an sa ladan miskali bakwai na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude. Aka kashe waɗanda aka kashe, wasu suka musulunta don tsira, sauran suka watse. Wannan ya faru wajen 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi, aka kuma kori Yahudawa daga Andalus, ba da jimawa ba Musulmi ma suka bi sahunsu.

Ni dai almajiri ne, ban kai in yi wa Shehu al-Magili hisabi ba, Allah ya gafarta masa, ya saka masa da alherin ilimin da ya bar mana. Amma idan aka tambaye ni, maganar alƙali al-Asnuni ta fi kwanta mini. Ko da an yarda da hukuncin gini, ina hujjar jinin wanda bai ɗauki makami ba? Kuma fitinar da alƙalin ya ji tsoro ta zo har gidan Shehun: yana Gawo aka kashe ɗansa a Tuwat. Cikin zafin rai ya nemi Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke Gawo. Malam Mahmudu ɗan Umar na Tumbutu ya ce waɗannan ba su da laifi, aka sake su. Shehu ya koma Tuwat, can ya rasu a shekara ta 909 bayan hijira.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina: ta yaya labarin mutanen da aka shafe ya kai mu bayan shekara ɗari biyar?

Da farko, littattafanmu ne suka riƙe shi. Ahmadu al-Wansharisi ya tattara fatawowin nan cikin al-Mi'iyar. Shi kansa ya karkata ga rushewa, amma bai goge maganar waɗanda suka saɓa masa ba, ya kawo wasiƙar al-Asnuni da amsar Ibn Zakri. Da ya yi irin namu na yau, inda mutum ke yanke abin da bai so daga tarihi, da ba mu san an taɓa samun alƙalin da ya tsaya wa ƴan amana a Tamantit ba. Daga waɗannan shafuka ne masanin nan John Hunwick ya gina littafinsa kan al'ummar, wanda ya fito a 2006.

Sai kuma suna. Ku da ke karatun nahawu kun san ya'un nisba, wadda ke danganta mutum ga garinsu, kamar al-Kashinawi ko al-Barnawi. Waɗanda suka tsere suka bazu a garuruwan bakin hamada, irin su Tafilalt da Kanadsa, ba su fita da gidaje ko gonakin dabino ba, sai nisba. Har yau akwai iyalan Yahudawa masu sunan Tuwati, da yawansu a Faransa, inda akasarin Yahudawan Aljeriya suka koma a 1962. Yaro yana rubuta sunan a makaranta a Paris, wataƙila bai taɓa ganin raƙumi ba, amma sunan yana faɗin inda kakanninsa suka fito. An ma ruwaito cewa wasu iyalan, a daren Idin Ƙetarewa, inda sauran Yahudawa ke fatan baɗi ta same su a Ƙudus, su Tamantit suke ambata. Jacob Oliel, wanda ya taso a wannan yankin na hamada, ya bi diddigin sunaye da labaran tsofaffi ya fitar da littafi da Faransanci a 1994.

A Tumbutu ma an yi makamancin haka. A 1993 Isma'il Diadié Haïdara ya kafa ƙungiya mai suna Zakhor, wato "tuna" da Ibrananci, ta iyalai Musulmi masu danganta asalinsu ga Yahudawa. Suna sallah tare da kowa, sun dai ƙi a manta da kakanni. Ban ga aibu a nan ba. Mu ma ai muna da takardun salsala a gafaka, wasu gara ta ci rabinsu, jikoki ba su iya karanta sauran ba.

A ƙasar Tuwat kanta kuwa abin da ya rage kaɗan ne. A farkon ƙarni na 20 an tsinci wani dutsen kabari mai rubutun Ibrananci, na wata mace, ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1329. Wato an binne ta fiye da shekara 160 kafin rushewar, tun ba a haifi ko ɗaya daga cikin malaman da suka yi jayayya kan makomar danginta ba.

Allah ne mafi sani.