Tarihin Tayar da Tsofaffi Daga Gadon Jinya

Sanin kowa ne cewa in tsoho ya faɗi ya karye, ko ɓarin jikinsa ya shanye, abin da iyalinsa su kan fara yi shi ne su shimfiɗa masa, su ce ya huta, su ɗauke masa ko wace wahala. Likitocin Ingila ma haka suka yi shekara da shekaru. Nufin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda aka gane cewa doguwar kwanciya ta kan yi wa tsoho ɓarnar da ta fi ta ciwon da ya kwantar da shi, da abin da aka samu sa'ad da aka sake hanya.

Tun daga dokar matalauta ta 1834, tsohon da ya gaza a Ingila, in ba shi da mai riƙonsa, sai a kai shi gidan gajiyayyu. A ɗakunan jinya na waɗannan gidaje akwai abinci da tsabta gwargwadon hali, amma ba safai likita ya kan duba mutum don ya san ainihin abin da ke damunsa ba. Da an rubuta cewa tsufa ne, magana ta ƙare, sai jiran ajali. Wata doka ta 1929 ta mai da gidajen hannun majalisun gundumomi, ta haka ne a cikin 1935 asibitin West Middlesex da ke Isleworth, kusa da Landan, ya gaji gidan gajiyayyun da ke maƙwabtaka da shi. Aka ɗora wa wata likita, Marjory Warren, nauyin majinyata 714 waɗanda aka riga aka fid da rai da warkewarsu.

Abin da ta fara yi ba wani sabon magani ba ne. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta duba, kamar yadda a ke duba saurayi in ya zo asibiti. Sai ta tarar an cakuɗa masu shanyewar jiki, da masu karaya, da masu ruɗewar hankali, da waɗanda lafiyarsu ƙalau sai dai ba su da wurin zuwa, duk an jera su a gado. Da yawa gwiwoyinsu sun ƙage, naman jikinsu ya zube, gyambon kwanciya ya ci bayansu. Ta rarraba su bisa ga irin ciwonsu. Ta sa aka shafe ɗakunan da fenti mai haske, aka ƙara fitilu, aka kawo gajerun gadaje waɗanda tsoho zai iya sauka daga kansu, aka kafa ƙarafan dafawa a jikin bango. Sa'an nan ita da masu jinya da masu gashin ƙashi suka shiga koya wa mutanen zama, da miƙewa, da tafiya da sanda, da cin abinci da hannunsu. Kafin a jima waɗansu suka koma gidajensu da ƙafafunsu, har gadajen suka ragu zuwa ƙasa da rabin adadinsu na farko.

Ta rubuta abin da ta gani a manyan mujallun likitoci a cikin 1943 da 1946, ta nemi a mai da jinyar tsofaffi fanni mai zaman kansa cikin manyan asibitoci, a kuma koyar da shi ga ɗalibai. A cikin 1947 ita da waɗansu likitoci suka kafa ƙungiyar kula da tsofaffi. A wannan shekara kuma Richard Asher ya fito da maƙalarsa a kan haɗarin kwanciya, inda ya nuna yadda ta ke daskarar da jini cikin jijiyoyi, ta tara majina a huhu, ta rage ƙarfin ƙashi, ta kuma kashe zuciya. Hausawa dai sun riga sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Da aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa baki ɗaya a cikin 1948, sai fannin ya sami gindin zama. A shekarun 1950 Lionel Cosin ya buɗe asibitin yini a Oxford, watau tsoho ya zo da safe a motsa masa gaɓoɓi, da yamma ya koma ya kwana cikin iyalinsa. Warren ta rasu a haɗarin mota a Faransa cikin 1960.

To, saura a auna amfanin aikin, don gani da ido kaɗai ba ya isa hujja wurin masana. A cikin 1965 Florence Mahoney da Dorothea Barthel, a Jihar Maryland ta Amurka, suka fito da ma'auni mai abubuwa 10, kamar ci, da wanka, da sa tufafi, da kewayawa, da riƙe fitsari, da hawan bene, a ba mutum maki daga 0 zuwa 100. Da irin wannan ma'auni aka iya kwatanta halin majinyaci ranar shigarsa da ranar fitarsa.

A cikin 1984 Laurence Rubenstein da abokan aikinsa suka ba da sakamakon wani gwaji a asibitin tsofaffin sojoji na Sepulveda, a Kalifoniya. Sun raba raunanan tsofaffi 123 kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Bayan shekara guda, cikin waɗanda aka kai ɗakin bincike da farfaɗowa kusan 24 cikin 100 suka rasu, cikin waɗanda aka yi wa jinyar yau da kullum kuwa 48 cikin 100. Amma fa kada a zarce da murna. Wani gwaji da ya fi wannan girma, wanda aka buga a cikin 2002, mai mutum 1,388 a asibitoci 11, bai sami bambanci wajen tsawon rai ba, ko da ya ke ya tabbatar da cewa waɗanda aka yi wa aikin sun fi iya ɗawainiyar kansu sa'ad da aka sallame su. Abin da hujja ta fi ƙarfafawa ke nan: aikin ya kan maido wa tsoho ikon yi wa kansa hidima, wanda shi ne mutuncinsa.

Samun aikin kuwa bai kai bukatarsa ba. An ƙiyasta cewa a cikin 2019 mutum miliyan 2,400 a duniya suna da larurar da farfaɗo da jiki zai amfane su, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a waɗansu ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin mabukata ba su samu. A Nijeriya gashin ƙashi irin na asibiti ya soma a Igbobi, Ikko, cikin 1945, aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano cikin 1959, Jami'ar Ibadan kuma ta fara ba da digiri a fannin cikin 1966. Amma a ƙasar Hausa yawancin tsofaffi a gida a ke jinyarsu, hannun 'ya'ya da jikoki, waɗanda ladabi ya hana su bar Baba ya ɗauki buta da kansa.

Nan ne wannan tarihi ya shafi malaman kwalejojin horo, domin ɗalibansu su ne za su koma garuruwa a riƙa jin maganarsu. Ya kamata su san cewa da zarar likita ya yarda a tashi, ɗan da ya kama hannun mahaifinsa ya taka da shi zuwa zaure ko wace safiya ya fi yi masa biyayya bisa ga wanda ya bar shi kwance yana yi masa fifita. Allah ya ba mu ikon sāka wa iyayenmu da alheri, amin.