Daga El-Buhari zuwa 2005: Abin da yunwa ta koya mana kan tukunyar uwa

Yau za mu waiwaya baya kan wata tambaya da ta daɗe tana damunmu a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji: ta yaya jihar Maraɗi, da ake kira rumbun Nijar, ta zama ɗaya daga cikin wuraren da tamowa ta fi kama yara?

Kakanninmu suna raɗa wa yunwa suna. Akwai Kakalaba ta wajen 1913 zuwa 1914, akwai El-Buhari ta 1984 zuwa 1985, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. A irin waɗannan shekaru uwa ce ke shiga daji. Ta tsinko yaɗiya, tafasa da jiga, ta jiƙa anza kwana da kwanaki tana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Ko a shekarar wadata, ba rumbun maigida kaɗai ke cika tukunyarta ba. Tana da gamana, 'yar gonarta, inda take shuka wake, gyaɗa, riɗi da yakuwa. Tana da jar akuya mai nono. Maigida ya kawo hatsi, ita ta kawo abin da ke gina jiki.

Sannu a hankali abin ya sauya. Mutane suka ƙaru, gonaki suka tsuke, mata da yawa suka rasa gamana. Aka sassare itatuwa, ganyen miya ya yi nisa. Fura ta koma tsululu ba nono, yaron da aka yaye ya wuni a kanta.

A 2005 komai ya fito fili. Fari da fara sun taɓa damanar 2004, buhun hatsi ya doshi jika 30 lokacin bazara da farkon damana. Abin mamaki, akwai cimaka a kasuwa, kuɗin saye ne babu. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jiharmu. A 2006 gwamnati ta mayar da kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. A 2007 kuma aka riƙa raba wa ƙananan yara wajen 62,000 abincin rigakafi a gundumar Gidan Rumji tun kafin su kwanta.

To, me ke cikin ledar Plumpy'nut da ta tayar da yaran? Gyaɗa, madara, mai, sukari da sinadaran ƙarin lafiya. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996, amma ku duba da kyau: gyaɗa tamu ce, nono namu ne. Hatsi yana cika ciki, sai dai cikin yaro ƙarami ne, yana ƙoshi da ruwan fura kafin ya sami abin da jikinsa ke nema.

Kuma mafita ta sha fitowa daga nan gida. A Maraɗi aka fara asusun Mata Masu Dubara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, tsarin da yau ya bazu ƙasashen Afirka da yawa. A nan ne kuma, tun shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon itatuwa a gona, har ƙauyen Ɗan Saga na Agiye ya yi suna a kai. Gawo da kalgo da aduwa suka dawo, akuya ta sami abin ci, mace ta huta da doguwar tafiya neman itace.

Yau me ya rage mana? Uwa ta shayar da nono zalla wata 6. Bayan nan kunun yaro ya yi kauri, a zuba garin wake ko ƙuli-ƙuli, ɗan mai da garin zogale ko kuka, a ba shi sau da yawa a wuni, a kwanonsa shi kaɗai. Idan ya fara rama ko ƙafa ta kumbura, a kai shi likita, kada a jira.

Amma magidanta, maganar ta fi shafarmu. Ba za mu kwashe wake da gyaɗa kaf mu kai kasuwa da kaka ba, sannan da bazara mu ce uwargida ba ta iya girki ba. A ware mata tiyoyinta tun a masussuka, a bar mata gamanarta da akuyarta. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya raya mana zuriya.